Mutumin da Ya Zo Koya wa Ɗalibaina Zama a Kujera

A shekara goma sha ɗaya da Mista Cawthorne ya yi yana shugabantar makarantarmu, sau biyu kawai na ga yana gudu. Na farko ranar da kaskon suyar dankali ya kama da wuta a ɗakin girki. Na biyu kuwa a tsakiyar wani Nuwamba ne, da wasiƙu biyu suka iso daga wata shahararriyar tsohuwar jami'a ta kudu, ana gayyatar ɗalibanmu biyu ganawar neman gurbin karatun lissafi da falsafa. Ya faɗo ajina ko ƙofa bai ƙwanƙwasa ba, yana haki, yana kaɗa takardun sama kamar shi aka gayyata.

Sunana Maureen Hirst, ni ce malamar lissafi ta manyan azuzuwa. A wannan garin na Yorkshire aka haife ni, ubana ya yi ta haƙar kwal har ranar da aka rufe ramin, kuma a lokacin da abin nan ya faru na shekara ashirin da shida ina riƙe da alli.

Ɗaliban biyu duk nawa ne. Akwai Toby Wetherell, ɗan likitan haƙori, mai takalmi kullum a goge, wanda kafin ki gama tambaya ya fara gyaɗa kai. Akwai kuma Keeley Ogden, wadda take zaune da kakarta Doreen a saman shagon da suke soya kifi da dankali. Duk Litinin da warin mai take shigowa aji, ta zauna a baya ta miƙe ƙafa. Ban taɓa koyar da mai kaifin kanta ba. Abin da ajin zai yi rabin awa yana fama da shi, ita ta rubuta amsarsa a gefen takarda tana kallon taga, idan na ce ta nuna hanyar da ta bi sai ta ce, "Ai a fili yake, Malama."

Saura mako uku a yi ganawar. Na zauna na tsara batutuwa goma sha biyu da nake so mu bi, na buga wa kowannensu kwafi, na sa mana Talata da Alhamis lokacin abincin rana. Da na kai wa Mista Cawthorne takardar, ko karantawa bai yi ba.

"Maureen, wannan ya wuce aikin allo da alli," in ji shi. "Shekara tara rabon makarantar nan da a kira ko mutum ɗaya. Can ba mai iya lissafi kawai suke nema ba. Wani irin mutum suke nema."

"Wane iri?"

"Kin dai gane ai."

Na gane. Irin da ba a haifa a garinmu yake nufi.

"Na ɗauko ƙwararre daga Landan," ya ce. "Jibi zai fara."

Ƙwararren sunansa Peregrine Aldcroft. Dogo ne, mai furfura da aka gyara ta da kyau, yana naɗe da wani ƙyallen wuya mai launukan jami'ar da ba ya cirewa ko a gindin na'urar ɗumama ɗaki. Ba ya jera magana uku bai ce "lokacin da nake can" ba. Daga baya na bincika na gano cewa lallai ya yi can ɗin, shekara talatin da suka wuce, amma tarihin zane-zane ya karanta. Ya miƙo min hannu ya ce, "Ke ce mai lissafin? Ina ƙaunar masu lissafi, mutane ne masu sauƙin rayuwa." Daga nan na san ni da shi ba za mu shirya ba.

An ba shi ɗakin karatu. Na ɗauko littattafan da zan duba na zauna a baya, wai ina aiki.

Darasin farko minti arba'in aka yi a kan ƙofa. Sau biyu ake ƙwanƙwasawa, in ji shi, sau uku na mai kawo saƙo ne. In an shiga kada a juya baya wajen rufewa. Gaisawa kuma a riƙe hannun mutum kamar an riƙe ɗan tsuntsu, kada ya tsere, kada ya mutu. Toby ya fita ya shigo sau bakwai, duk lokacin fuskarsa a ɗaure kamar mai ɗaukar gawa. Aka koma kan kujera. Ba a jingina, ba a ɗosana a bakinta, gwiwoyi su kalli mai tambaya, hannu ɗaya a kan ɗaya.

"Idan aka jefo muku tambayar da ba ku sani ba," in ji Mista Aldcroft, "kada ku kuskura ku ce ba ku sani ba. Ku ɗan karkata kai, ku ce, 'Wannan tambaya ce mai ban sha'awa.' Kun sami daƙiƙa biyar. In har yanzu ba abin cewa, ku ƙara da, 'Ya danganta da abin da muke nufi da kalmar.' Wannan jimla, yarana, ta shigar da mutane da yawa can."

Ya raba musu takarda mai sunayen matattun Girkawa da Jamusawa guda ashirin, ya ce su haddace, su riƙa yayyafa su a magana kamar gishiri. Keeley ta tambaya ko sai sun karanta abin da mutanen suka rubuta. Ya yi dariya ya ce a mako uku ba wanda yake karanta komai.

Sai ya juyo kan harshenta.

"'Yammata, sake faɗin abin da kika faɗa yanzu."

Ta sake.

"Kin ji? Kina haɗiye rabin haruffa. Kamar kina kiran mai jiran kifi ya zo ya karɓi kayansa. Can za su ji muryar kafin su ji tunanin."

"Ai mai jiran kifin yana ganewa," in ji Keeley.

"Shi ba shi yake ba da gurbi ba."

Na ga wuyanta ya yi ja har kunne. Da irin wannan harshen ubana ya yi magana har ya mutu, da shi nake koyar da lissafi. Na danna alƙalami a littafin wani yaro har ya huda takardar.

Ranar Alhamis suka zo ajina da abincinsu a hannu. Na rubuta tambaya ta farko a allo, na juyo na ce, "Toby?" Ya karkata kai, ya ɗora hannu a kan hannu, ya ce, "Wannan tambaya ce mai ban sha'awa, Malama."

"To, aku ya iso," na ce.

Keeley ta fashe da dariya har biredi ya sarƙe ta. Toby ya sunkuyar da kai. Daga ranar bai ƙara buɗe baki a zaman ba. Yakan zo, ya zauna a gefe da takardar batutuwan nan, yana ta rubuce-rubucensa, ni ko leƙawa ban yi ba. Na riga na yanke masa hukunci. Ɗan likita ne mai biyayya, in aka ce masa ya shiga ɗaki da ka zai shiga.

Ni da Keeley kuwa muka sami abin yi. Ta iya kwaikwayo, wannan ban sani ba sai a lokacin. Takan naɗa tsumman goge allo a wuya, ta ɗaga hanci, ta yi tafiyar Mista Aldcroft daga ƙofa zuwa taga tana cewa, "Lokacin da nake can, yarana, ko tari da ka'ida muke yinsa." Ina dariya har hawaye. Sai mu duba agogo mu ga saura minti goma, mu taɓa tambaya ɗaya sama-sama, ƙararrawa ta buga. A mako biyu, cikin batutuwa goma sha biyu huɗu muka yi. Ban damu ba. Na ce wa kaina yarinya irin wannan ba ta buƙatar horo, abin da take buƙata shi ne kada wani mai ƙyallen wuya ya karya mata zuciya.

"Duk haka suke a can, Malama?" ta tambaye ni wata rana.

"Yawancinsu," na ce, ni da ko ƙofar wurin ban taɓa gani ba. "Murya ce da riga. Ki cire su ki gani, ba komai a ciki. Kada ki bari kowa ya raina miki hankali."

A mako na biyu na lura da katunansa. Yana da wasu katuna a ƙaramin akwati, yakan zaro ɗaya ya karanta tambaya, in ɗalibi ya amsa sai ya ɗan juya katin ya saci kallon bayansa kafin ya ce daidai ne ko kuskure. Da ya fita shan shayi na buɗe akwatin. Kowace tambaya amsarta tana baya a layi ɗaya, ba bayani, ba dalili. Na kira Keeley na nuna mata.

"Ranar Juma'a zai yi muku gwajin ganawa a gaban jama'a," na ce. "Duk abin da ya tambaye ki, ki ba shi amsar da ke katin. Sannan ki ce masa akwai abin da ya ɗaure miki kai, ya taimaka ya bayyana miki."

Ta dube ni ta yi murmushi. Shekarata hamsin da ɗaya a lokacin, ita sha bakwai.

Mista Cawthorne ya mayar da gwajin biki. An jera kujeru a babban zaure da ƙarfe huɗu na yamma, an kawo shayi da biskit, an gayyato mutum biyu daga kwamitin makaranta da iyayen Toby. Doreen ta zo da rigar aikinta a ƙarƙashin kwat, ta zauna a layin gaba ta ɗora jaka a cinya. An kafa wata ƙofar katako ta wasan kwaikwayo a kan dandamali don a sami abin ƙwanƙwasawa.

Toby ya fara. Ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya riƙe tsuntsu, ya zauna, ya yayyafa Bajamushe ɗaya da Girkawa biyu. Aka tafa. Uwarsa ta goge ido.

Keeley ta shigo ta zauna yadda aka koya mata, har na yi mamaki. Mista Aldcroft ya zaro kati.

"Wanne ya fi yawa," ya karanta, "dukkan lambobi, ɗaya, biyu, uku har abada, ko kuwa masu rabuwa biyu kaɗai, wato biyu, huɗu, shida?"

"Yawansu ɗaya ne," in ji Keeley. "Kowace lamba ka haɗa ta da ninkinta. Ɗaya da biyu, biyu da huɗu, uku da shida. Ba wadda za ta rasa abokiya."

Ya saci kallon bayan katin. "Madalla. Kun gani, jama'a, mako biyu kacal."

"Amma Malam, akwai abin da ya ɗaure min kai," ta ce da wata murya mai laushi da ban san tana da ita ba. "Na zubar da ɗaya, da uku, da biyar, da duk 'yan uwansu. Na zubar da kaya masu yawa ke nan. Ta yaya abin da ya rage zai yi daidai da abin da na fara da shi? Ka taimaka min."

Ya karkata kai. "Wannan tambaya ce mai ban sha'awa."

"Na gode, Malam."

Ya gyara ƙyallen wuyansa.

"Ya danganta da abin da muke nufi da kalmar."

"Wace kalmar?"

"To, kalmar... lamba."

"Lamba nake nufi, Malam. Irin wadda ake ƙirga dankali da ita." Ta leƙa hannunsa. "Duba gefen katin mana, ko ta ɓuya a can."

Doreen ce ta fara dariya, wata irin dariya ta mai shan taba, sai ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya kama, sai zauren ya ɗauka. Ni ina baya na harɗe hannu, raina fes. Mista Aldcroft ya mayar da katin cikin akwati a hankali, ya rufe, ya dubi Keeley.

"Wannan halin shi zai kayar da ke a can, 'yammata," ya ce.

Don haushi ya faɗa, ba don hikima ba, wannan na tabbata har yau. Mutumin bai san komai ba game da yarinyar, bai san komai ba game da lissafi. Ya dai jefa magana ne don ya rama, ta faɗa inda ta faɗa.

Ranar Litinin Mista Cawthorne ya kira ni ofis ya ce na kunyata baƙon makaranta. Na ce baƙon ne ya kunyata kansa, ni katin ban rubuta shi ba. Ya ce ƙwarewar Mista Aldcroft ba a lissafi take ba, a gabatar da kai take. Na ce ai mun ga yadda ya gabatar da nasa. Muka rabu a haka.

Ranar tara ga Disamba na raka su kudu a jirgin ƙasa na safe. Kowannensu ganawa biyu gare shi, falsafa kafin azahar, lissafi bayanta. Na bar su a bakin wata ƙatuwar ƙofa, na sami wani ɗan shagon shayi na zauna ina kallon samari masu kekuna da dogayen ƙyallen wuya suna wucewa, ina raina su ɗaya bayan ɗaya.

Toby ne ya fara fitowa, fuskarsa fari fat. Ya ce ya lalata komai. Da ya isa ɗakin ƙofar a buɗe take, bai sami abin ƙwanƙwasawa ba, daga nan duk abin da aka koya masa ya gudu. Ba wanda ya ba shi hannu. Kujerar ma irin mai nutsewa ce, gwiwoyinsa suka tashi sama. Da aka yi masa tambayar farko sai ya ji bakinsa ya ce, "Ban sani ba."

"Sai me suka ce?" na tambaya.

"Suka ce ba laifi, mu gwada tare."

Na ba shi shayi na ce ya sha, a raina na ce dama haka na zata.

Keeley ba ta fito ba sai wajen ƙarfe huɗu. Muka shiga jirgi, muka wuce tasha biyu. Toby ya yi barci ya jingina da taga. Sai ta fara magana tana kallon teburin da ke tsakaninmu.

Ta ce da safe wata tsohuwa ce ta tambaye ta: ga tarin yashi, ana cire ƙwaya ɗaya-ɗaya, a wace ƙwaya ce zai daina zama tari? Keeley ta ce mata wannan wasa da kalmomi ne kawai. Tsohuwar ta ce wataƙila, amma ta nuna mata inda wasan yake. Keeley ta ce ita ba ta ga abin ɓata lokaci a kan yashi ba. Tsohuwar ta rubuta wani abu ta wuce zuwa wata tambayar.

"Wannan da sauƙi," ta ce. "Na yamman ne."

Na yamman wani siririn saurayi ne mai rigar sanyi da ta ɓule a gwiwar hannu. Da ya buɗe baki sai ta ji muryar Mista Aldcroft sak, irin jan wasalin nan, irin sanyin nan. Kuma yana riƙe da takarda yana dubawa. Tun daga nan ta gama da shi.

Ya ce ta haɗa ɗaya da rabi, ta ƙara sulusi, ta ƙara rubu'i, ta ƙara kashi ɗaya cikin biyar, haka har abada. Jimlar tana da iyakar da ba za ta wuce ba, ko kuwa za ta yi ta girma?

"Na ce tana da iyaka," in ji Keeley. "Na ce a fili yake, tunda abin da ake ƙarawa ƙanƙancewa yake yi har ya kusa zama babu. Ya ce to, amma in haɗa masa sulusi da rubu'i ya gani. Na ce ba sai na haɗa ba. Ya ce in dai gwada, in duba ko sun kai rabi. Sai na ce masa..." Ta tsaya.

"Kika ce masa me?"

"Na ce in amsar da ke takardarsa daban ce, ya karanto ta kawai mu huta."

Na ajiye kofin da ke hannuna.

"Ya juyo min da takardar, Malama. Sunana ne a kai da lokacin ganawa. Ba komai bayan wannan." Ta ja hanci. "Bai ma yi fushi ba. Ya sake cewa in gwada. Sau uku yana ba ni dama, ni kuma na riga na hau dokin zuciya, na kasa saukowa. Sai da na fito ina kan matakala na gani. Sulusi da rubu'i sun fi rabi. Huɗun da ke biye su ma sun fi rabi. Takwas na gaba haka. Rabi-rabi za ki yi ta samu ba ƙarewa, ba ta da wata iyaka. Minti ɗaya ya ishe ni da na yi shiru na ɗauki alƙalami. Na tsaya a matakalar nan kamar in koma in ƙwanƙwasa."

Wannan shi ne batu na bakwai a takardar da na buga musu. Na san ranar da ya kamata mu yi shi. Ranar ce ta kwaikwayi yadda Mista Aldcroft yake tsoma biskit a shayi.

Toby ya buɗe ido, ashe ba barcin kirki yake ba. Ya ce a hankali, "Ni ma ita ya yi min. Ta cikin takardar Malama ce ai. Na yi su duka a gida, amma wannan na kasa, sai da ya nuna min sulusi da rubu'in na tuna inda na maƙale."

Keeley ta dube shi, ta dube ni. Mai tura keken shayi ya zo ya wuce.

A tsakiyar Janairu wasiƙun suka zo. An ɗauki Toby. Ba a ɗauki Keeley ba.

Jaridar garinmu ta buga hoto a shafi na uku. Mista Cawthorne a dama, Mista Aldcroft a hagu da ƙyallensa, Toby a tsakiya kamar wanda aka kama da sata. A ƙasa an ruwaito ƙwararren yana cewa sirrin duka yana cikin daƙiƙa goma na farko, yadda ka shiga ɗaki. Yaron da ya tarar da ƙofa a buɗe ya manta duk abin da aka koya masa, shi ne hujjarsa. Mista Cawthorne ya sa aka yi wa shafin firam aka rataye a bakin ofis, kuma kafin bikin Ista ya sanar cewa za a faɗaɗa shirin, a fara koya wa yara zama a kujera tun suna shekara goma sha huɗu.

Doreen ta zo makaranta wata Laraba bayan an tashi. Ta same ni ina goge allo. Ba ta zauna ba.

"Malama, na zo in ji daga bakinki. Yarinyar nan ta fi ɗan likitan ko ba ta fi shi ba?"

"Ta fi shi."

"To me ya faru?"

Na fara yi mata bayanin Mista Aldcroft, da yadda ya ci mutuncin harshenmu, da katunansa. Ta ɗaga hannu.

"Wannan sakaran na gan shi da idona, na yi masa dariya na more. Shi ba ya cikin lissafina, wawa ne da aka yi haya. Ke nake tambaya. Ke ce take dawowa gida tana Malama ta ce, Malama ta ce. Shekara arba'in ina tsaye a bayan kantar shago ina sauraron mutane, na san mai rashin kunya na gado, na san wanda aka koya wa. Jikata tana da baki, ban musa ba, a wurina ta samo. Amma da can in ba ta san abu ba takan yi shiru ta kalla. Wa ya ce mata kowa a duniya wawa ne sai ita da ke?"

Na ajiye tsumman goge allon a kan tebur.

"Dama na sani," in ji ta. Ta gyara jakarta. "Kina da faɗa da masu kuɗin kudu, ki hau jirgi ki je ki yi abinki. Ke aikinki yana nan ko an ɗauke ta ko ba a ɗauke ta ba."

Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Na nemi gafarar Keeley washegari, a tsaye a baranda, cikin kalmomi marasa daɗin jeri. Ta ce, "Ba komai, Malama, ni na faɗa da bakina." Ta ci gaba da zuwa aji har ƙarshen shekara, ta ci jarrabawarta da maki mafi girma da makarantar ta taɓa gani, ta tafi Leeds ta karanta lissafi zalla. Ta ce falsafa ta ishe ta haka. Yanzu tana aiki a wani kamfanin inshora a Manchester, an ce tana jin daɗinsa. In mun haɗu a shagon kakarta lokacin Kirsimeti mukan gaisa da mutunci, ta tambayi gwiwata, in tambayi aikinta. Ba ta ƙara yi min kwaikwayon kowa ba.

Toby ya gama da sakamako mai kyau, ya zarce digiri na uku. Shi ma na nemi gafararsa, sai ya rikice ya fara neman tawa, har na gaji na ce ya tafi.

A watan Yunin da ya biyo bayan ganawar Mista Cawthorne ya aiko min da saƙo. Mista Aldcroft yana sabunta ƙasidar tallarsa, yana son 'yar shaida daga malamar lissafin da suka yi aiki tare, ko da layi ɗaya ne. Na ce ba zan rubuta ba. Ya ce umarni ne. Na zauna na yi tunanin abin da zan iya faɗa game da mutumin wanda ba ƙarya ba, na daɗe ina nema, sannan na rubuta: "Bai taɓa makara ba."

Da kaka ƙasidar ta fito a takarda mai sheƙi. Ga layina nan a shafi na biyu da manyan haruffa, da sunana a ƙasa da shekarun da na yi ina koyarwa. An ƙara masa alamar motsin rai a ƙarshe.